Marigayi Adamu Halilu da fim ɗinsa Shaihu Umar: tambayoyin da Hausawan Legas ke yawan yi

Duk inda Hausawan Legas suka zauna hira, a Agege ne ko Idi-Araba ko bakin teburin mai shayi a Obalende, in zance ya gangaro kan fim to Kannywood ake nufi, tun daga zamanin kaset har zuwa masu dogon zangon da ake bi a YouTube. Da wuya ka ji an ambaci Adamu Halilu. In kuwa aka ambace shi, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Su ne na tattara a nan da amsoshinsu. Inda ra'ayina ne kawai, zan faɗa.

Wane ne Adamu Halilu?

Daraktan fim ne ɗan Arewa, an haife shi a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, a shekarar 1936. Ya je Landan da birnin Rum ya koyo sana'ar, musamman rubuta labarin fim da haɗa hotuna bayan an ɗauka, ya dawo gida ya kama aiki a sashen fim na gwamnati. Ya daɗe yana shirya fina-finan wayar da kai da na adana tarihi kafin ya kai ga manyan ayyukan da masana ke tuna shi da su. Da gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 1979, ya riƙe muƙamin babban manajanta a farkon tafiyarta. Ya rasu a 2001. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutum mai irin wannan matsayi, me ya sa ba mu san shi ba?

Saboda hanyar da ya bi daban take da wadda ta kawo fim cikin ɗakunanmu. Fina-finansa na gwamnati ne, da kuɗin gwamnati aka yi su, a kan zaren fim irin na da wanda ake naɗewa a faifai a rufe cikin gwangwani. Irin wannan ba a kwafarsa a shago. Kwafi kaɗan ake bugawa, kuma ba ya kalluwa sai da injin haskawa da babban allo da wanda ya iya sarrafa injin. Ba wanda ya taɓa sayen Shaihu Umar a Kasuwar Ƙofar Wambai ya sako shi a jaka ya kawo wa iyalinsa tsaraba Legas.

Sai kuma tattalin arziki ya juya. Daga 1986, da aka karya darajar naira, sayo zaren fim daga waje da kai shi wanki Turai ya gagari kusan kowa. Gidajen sinima suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma coci, wasu sito. Mu mutanen Agege shaida ce a gabanmu: kullum kwandasta na kiran "Pen Cinema", har gadar sama aka buɗe da sunan a 2021, amma sinimar kanta babu ita. Ana cikin haka bidiyo ya shigo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, nan Legas kuma Living in Bondage ya fito a 1992. Wanda ya buɗe ido a wannan zamani dole ya ɗauka daga nan aka fara, tunda abin da ya gabata yana kulle a ɗakin ajiya.

Shaihu Umar ai littafi ne da kowa ya sani. Ta yaya za a ce fim ɗin ba sananne ba ne?

Littafin sananne ne, fim ɗin ne ba a sani ba. Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ana wannan magana. Wani saurayi da ke taya shi ɗaurin buhu ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai da gaske an yi fim ɗin Hausa tun kafin a haifi babana?" Dattijon ya ajiye carbinsa a kan buhu ya ce, "Kai dai bari, ɗana. Littafin mun karanta shi a aji, har yau ina tuna inda kura ta cinye ɓarawon yaro. Amma fim, wallahi sai yau na ji." Mutum ne da ya haura shekara sittin, ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Legas, garin da aka nuna fim ɗin.

Asalin littafin kuwa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, don gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Mervyn Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandali, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya ɗauki fim ɗin da Hausa a 1976.

Labarin me ke ciki?

Wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake wannan amsar.

Labarin na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Wani babban malami, Shaihu Umar, yana zaune a Rauta kusa da Bauchi, almajirai na zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga nesa. Wata rana suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya buɗe baki.

Mutumin Kagara ne, maraya tun farkon rayuwa. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki da ke da farin jini a fada. Farin jinin nan ne ya jawo masa hassadar 'yan'uwansa fadawa, suka ƙulla masa sharri bayan an dawo daga harin kamo bayi, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna Maƙarfi. Kafin matar ta bi shi sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A nan aka sace shi. Ɓarawon bai ci riba ba, kura ta gama da shi a daji, amma yaron bai koma hannun uwarsa ba. Daga wannan hannu zuwa wancan, mahara suka kwashe shi zuwa Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe attajiri, Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami kuma limami.

Uwar kuma ba ta zauna ba. Ta bazama nemansa, aka yaudare ta, ita ma ta zama baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Umar ya yi mafarki da ita bayan ya girma, hankalinsa ya tashi, ya kama hanya. Sun haɗu, amma ta riga ta ƙare da wahala, ba ta daɗe ba ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayari, Umar ya tsira, ya yi ta tafiya har Allah ya zaunar da shi Rauta.

To mene ne haɗinsa da Legas?

Haɗi babba. Shi ne fim ɗin da Najeriya ta gabatar a bikin baje kolin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, FESTAC 77, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Ƙasashe fiye da 50 suka turo wakilai. Domin wannan biki aka gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, mai siffar hular soja, wanda wani kamfanin Bulgeriya ya kammala a 1976, kuma a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Domin saukar baƙin bikin aka gina unguwar Festac da muke wucewa kullum a hanyar Alaba Rago. Hawan daba na bikin kuma a Kaduna aka yi shi.

A tsaya a duba wannan da kyau. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa, ana taro a tsakiyar ƙasar Yarbawa, duniya ta hallara, sai aka ce fim ɗin da zai tsaya da sunan Najeriya shi ne wanda ake magana da Hausa daga farko har ƙarshe. Yaranmu da ke jin kunyar yin Hausa a cikin danfo ya kamata su san wannan.

Akwai kuma marubucin. A Legas Tafawa Ɓalewa ya zauna yana Firayim Minista, a filin da yanzu ke ɗauke da sunansa aka karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma a Legas sojoji suka ɗauke shi daren 15 ga Janairu, 1966. Ranar da aka buɗe FESTAC ta zo daidai da cikar shekara 11 da wannan dare. Mutumin da ke jikin takardar naira biyar bai ga labarinsa a allo ba.

Wa ya fito a matsayin Shaihu Umar?

Umaru Ladan, wanda dama da hannunsa a mayar da littafin wasan dandali. Umaru Dembo ma yana cikin 'yan wasan. Mutane ne da suka fito daga wasan kwaikwayo na dandali da rediyo da rubutu, kuma ana jin haka a bakinsu.

An ce fim ɗin ya ɓata shekara da shekaru. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. An daɗe ana ɗaukar cewa ya salwanta. Masu nazari na ambatonsa a littattafai, amma su kansu da yawansu ba su taɓa sa shi a ido ba. Sai a 2016 aka gano asalin zaren da aka ɗauka da wasu kwafi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan tono tsofaffin fina-finan ƙasar nan akwai Didi Cheeka na Lagos Film Society, wanda neman nasa ya soma daga tarin gwangwanaye masu tsatsa a tsohon ginin sashen fim na zamanin Turawa a nan Legas.

Ba sata aka yi ba, ba gobara ba. Fim ɗin yana nan a hannun hukumar da shi kansa daraktan ya taɓa shugabanta. Abin da ya ɓata shi ne sanin inda yake, da wanda zai damu ya duba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan gobara, don gobara sau ɗaya take zuwa a ji labari, wannan kuwa kullum yana faruwa ba wanda ya sani.

Me zai lalata fim alhali yana rufe cikin gwangwani?

Zafi da danshi, abubuwa biyu da Legas ta fi kowa arzikinsu. Zaren fim na wancan zamani in ya daɗe a ɗaki mai zafi sai sinadarin jikinsa ya fara rugujewa da kansa. Alamar farko wari ne mai tsami da ke dukan hanci da zarar an ɗaga murfi. Daga nan zaren ya motse, ya kanannaɗe, ya daina shiga inji. Launi ya kwashe, komai ya koma ja-ja. In abin ya yi nisa sai faifan gaba ɗaya ya manne ya dunƙule kamar alewar da aka manta a rana. Tururin da faifai ɗaya ke fitarwa kuma yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, shi ya sa masu adana fim ke ware mai ciwo daga masu lafiya, su ajiye sauran a ɗaki mai sanyi da bushewa. Sanyin Jos ya taimaka, ko ba komai.

Kada mu ɗauka wannan matsalar mutanen da ce. Wani maƙwabcinmu a Agege, tsohon mai shagon hayar kaset, ya taɓa jawo mana adakarsa daga ƙarƙashin gado don ya nuna mana fina-finan Hausa na shekarun 1990 da ya adana. Kwalayen na nan da hotunan jarumai, har da farashin haya da ya rubuta da biro a gefe. Da ya zaro kaset ɗaya ya ɗaga shi wajen taga, sai ga farin fumfuna ya lulluɓe zaren ta cikin gilashin. Ya zaro na biyu, haka. Ya mayar da murfin adakar bai ce komai ba. Fina-finan Kannywood na farko da yawa suna kan wannan hanya, kuma su ba su da wata hukuma da ta ajiye asalinsu.

Su wa suka gyara shi?

Cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke birnin Balin na Jamus ce ta yi aikin tare da hukumar fina-finan Najeriya, da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Aikin shi ne a tsabtace zaren, a ɗauki hoton kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, a share tabo da ƙarce, a dawo da launi da sauti kusa da yadda suke tun asali. In aka tuna cewa gurbi 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, fim ɗin kuma ya kai minti 142, za a gane ba aikin mako ɗaya ba ne. An nuna gyararren a bikin fina-finai na Balin a watan Fabrairun 2018.

Wasu kan ji haushi su ce me ya sa sai Jamusawa. Haushin na da dalili, amma ba kan Jamusawa ya kamata ya sauka ba. Abin daɗin ji dai shi ne daga wannan haɗin gwiwa aka buɗe karatun digiri na biyu kan adana fina-finai a Jami'ar Jos.

Akwai waƙa da rawa a ciki? Ba zai gundure ni ba?

Babu irin waƙar soyayya ta saurayi da budurwa da muka saba gani, wadda ta shigo fim ɗin Hausa daga baya ta hanyar sha'awar fina-finan Indiya. Zai iya gundurar ka in ka zo masa da idon mai kallon waya, wanda in minti biyu suka wuce ba a yi faɗa ko kuka ba sai ya tura gaba. Tafiyarsa a hankali take, irin ta mai ba da labari da ya san ba inda masu sauraro za su. Shawarata, kada a kalle shi a waya, kuma kada a kalle shi mutum ɗaya. Don allo babba da taron jama'a aka yi shi.

Fim ne da ke nuna Hausawa na kama bayi. Wannan ba tonon asiri ba ne a gaban wasu ƙabilu?

Wannan tambayar ta fi fitowa daga bakin mazauna kudu, kuma na san dalili. Wanda ke zaune cikin mutanen da dama wasunsu ke masa kallon raini ba ya son a ƙara musu abin faɗa. Amma a duba wanda ya rubuta labarin. Ba Bature ba ne, ba ɗan adawar Arewa ba ne. Ɗan Bauchi ne da ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Lokacin da yake rubutun a 1933 ma ba a kai ga dokar ƙarshe da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba, sai a 1936. Ya rubuta yadda sarki ke tura mahara ƙauyuka, yadda ake raba ganimar mutane a fada, yadda ayari ke ƙetara Sahara da su. Gwamnatin Najeriya kuma ta ɗauki wannan ta nuna wa baƙin duniya, ciki har da jikokin waɗanda aka kwashe ta teku zuwa Amurka da Brazil. Ba wanda ya mutu da kunya. Nan kusa da mu a Badagry ma ana karɓar kuɗin shiga a nuna wa baƙi sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su.

Akwai suka ta ɗaya ɓangaren da ta fi wannan nauyi. Wasu masu nazari na ganin labarin ya yi wa bauta sassauci, tunda Umar ya dace da ubangida nagari, bautar ma ita ta zama sanadin iliminsa, sannan ana jingina komai ga ƙaddara. In Umar kaɗai ka kalla, suna da hujja. Amma labarin ba na Umar kaɗai ba ne.

Kai me ya sa ka fi son shi a kan duk fina-finan Hausa?

Saboda uwar. Sunan ɗan ne a kan fim ɗin, shi ne malami, shi ake taruwa a gabansa, shi ke ba da labari. Amma ita ce ta biya kuɗin komai. Hanya ɗaya suka bi, Sahara ɗaya suka ƙetara. Shi ya isa can an riƙe shi ɗa, an ba shi allo da tawada. Ita ta isa an sayar da ita, ta ƙare a gidan wani tana aikin da ba lada, hankalinta na kan yaron da ta bari na 'yan kwanaki kawai don ta je gaida iyayenta. Duk wanda ya ce labarin ya wanke bauta, bai tsaya a kan matar nan ba. Kuma marubucin bai yi mana alfarmar da 'yan fim ɗin yanzu za su yi ba, wato a haɗu a rungume juna a koma gida a yi walima. Sun haɗu, ta gan shi, ta rasu.

Dalili na biyu ya shafi zamanmu a nan. Hausawa sun fi shekara ɗari suna sauka Legas, tun fataken goro da na shanu da suka kafa zango a Agege, har jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Yau kuma tirela ce ke sauke samari a Mile 12 da Alaba Rago da Apapa, wasunsu ba su kai shekara 15 ba, su kama dako ko gyaran takalmi ko turin baro. Ba bayi ba ne, kada a juya mini magana. Amma kowane ɗayansu akwai wata mata a wani ƙauye da ke jiran ƙarar waya, wadda in an kwana biyu layin ba ya shiga ba ta iya cin abinci. Ban san wani fim ɗin Hausa da ya ɗauki wannan jiran da muhimmanci kamar Shaihu Umar ba, duk da an yi shi tun ba a san wayar hannu ba.

Na uku ƙarami ne: Hausar. Babu gaurayen Turanci, babu gaggawa, gaisuwa ana yin ta har ƙarshe.

Shi ne fim ɗin Hausa na farko?

Ya danganta da abin da ake nufi da fim. Tun zamanin Turawa motar majigi ke yawo garuruwan Arewa tana haska fina-finan wayar da kai a ƙofar fada, irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga. Shi kansa Adamu Halilu ya yi irin waɗannan, kamar Mama Learns a Lesson na 1963. Amma in ana maganar cikakken fim mai tsawo, na ƙagaggen labari, da Hausa, wanda aka yi don sinima, Shaihu Umar na sahun farko, kuma ya riga Turmin Danya da shekara 14. Zamani ɗaya ne da su Ola Balogun, wanda ya yi Amadi da harshen Ibo a 1975 da Ajani Ogun da Yarbanci a 1976. Wato shekarun da 'yan Najeriya suka fara yarda cewa harshen gida zai iya riƙe babban allo.

Wane aiki kuma ya bari?

Wanda aka fi ambata bayan Shaihu Umar shi ne Kanta of Kebbi na 1978, kan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Akwai kuma Moment of Truth. Sauran aikinsa mafi yawa gajerun fina-finan gwamnati ne, waɗanda a lokacin ba a ɗauke su a bakin komai ba, amma yanzu su ne hoton yadda garuruwanmu da kasuwanninmu da suturarmu suke a shekarun 1960 da 1970.

Ya dace a taru don tuna ɗan fim? Wasu malamai na ƙyamar harkar.

Ba fatawa zan bayar ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne Musulmi ne ya rasu, addu'a kuma haƙƙinsa ce a kanmu ko da sana'arsa kiɗa ce. Fim ɗin da muke magana a kai kuwa jaruminsa malamin allo ne, an buɗe shi da almajirai a gaban malaminsu suna tambaya cikin ladabi. Wanda zai iya karanta littafin a makaranta ban ga abin da zai hana shi kallon fim ɗin ba. Taron ma ba sai an kira shi biki ba. A kalla, a tattauna, a yi wa daraktan da marubucin da 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya addu'a, a watse.

Yaranmu haifaffun Legas Hausarsu ba ta nuna ba. Za su fahimta?

Za su bi labarin, don ba mai sarƙaƙiya ba ne, kuma gyararren kwafin da ake nunawa a bukukuwa yana da fassarar Turanci a ƙasan allo. Kalmomin fada da na fatauci ne za su ba su wuya. A zaunar da su kusa da kakanninsu.

A ina zan kalle shi a Legas, ko ta yaya za mu shirya a nuna mana?

Ba fim ne da za ka samu wurin masu tura fina-finai a waya ba. Gyararren kwafin yana hannun Hukumar Fina-finai ta Najeriya da cibiyar Arsenal, kuma akan fito da shi ne a bukukuwan fim da cibiyoyin al'adu da jami'o'i. Don haka a riƙa bibiyar sanarwar irin waɗannan wurare, musamman masu nuna tsofaffin fina-finan Afirka.

In kuwa jama'a ce ke so a nuna mata, hanyar ita ce a rubuta takarda da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta ɗalibai, ko fadar Sarkin Hausawan unguwa, duk sun isa. Hukumar na da ofishi a Legas ta wajen Ikoyi, kusa da Obalende, sai a fara daga nan. A bayyana a takardar cewa ba don kuɗi za a nuna ba, a faɗi wuri da adadin mutanen da ake sa rai, a nemi izini a rubuce. A tanadi ɗaki mai duhu sosai, da lasifika mai kyau tunda rabin daɗin fim ɗin a magana yake, da janareto da mai isasshe na awa uku. A ware wa mata wurinsu, don in ba a yi haka ba ba za su zo ba, kuma su ne suka fi cancanta su ga wannan labari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ranar Lahadi bayan sallar Isha'i, in 'yan kasuwa sun tashi, cunkoson hanya kuma ya lafa.